Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa Kan Kalmomin Ɗa'a, Amana da Haƙuri

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga shugaban hukumar da daraktocinta na jihohi, musamman waɗanda aikinsu ya haɗa su da masu jin Hausa, na rubuto wannan wasiƙa ne a kan wani ɓangare na aikinku wanda ake ɗauka ƙarami, wato zaɓen kalmomin da ake isar da saƙon gyaran hali da su. Na daɗe ina koyar da harshen Hausa, kuma na daɗe ina sauraron sanarwar wayar da kai a gidajen rediyo, abin da na fahimta shi ne, sau da yawa abin da aka yi nufin faɗa daban yake da abin da ya shiga kunnen Bahaushe. Wani lokaci ma saƙon yakan fito da akasin manufarsa, ya ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba, ya kuma sauke wa mai mulki nauyin da harshen da kansa ya ɗora masa.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce wajen shelar gyaran hali. A watan Maris na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin da aka sani a Hausa da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. A 1987 aka kafa MAMSER, wato shirin zaburar da jama'a kan dogaro da kai da adalci da farfaɗo da tattalin arziki, a 1993 aka kafa hukumarku ta gaji wannan aiki, a 2016 kuma aka zo da taken cewa canji daga kan kowane mutum zai fara. Shi kansa tsarin mulkin 1999, a sashe na 23, ya jera ɗabi'u 7 da ya ce su ne ginshiƙin halayyar ƙasa. Duk waɗannan da Ingilishi aka yi tunaninsu, da Ingilishi aka rubuta su, sannan aka miƙa wa mai fassara ya nemo musu riga ta Hausa, galibi cikin gaggawa. Mai fassara kuwa, idan lokaci ya ƙure masa, yakan ɗauko kalmar da ta fi kusa da hannu, shi ya sa kusan kowace sanarwa take ƙarewa da "ɗa'a" da "kyawawan ɗabi'u" da "haƙuri da juna", kamar dai Hausa ba ta da wasu kalmomin.

Bari in fara da ɗa'a, tunda ita ce ta fi shan aiki. Asalinta daga Larabci yake, ma'anarta kuwa bin umarni. A bakin Bahaushe yaro ne yake da ɗa'a, ko ɗalibi, ko bara: shi ne wanda yake durƙusawa ya gai da manya, ba ya ɗaga murya a gabansu, in an aike shi ya tafi. Kalma ce da take tafiya daga ƙasa zuwa sama. Ba a cewa sarki mai ɗa'a ne, ba a cewa alƙali ko gwamna mai ɗa'a ne. Abin da ake cewa shi ne adali ne, ko mai dattako, ko mai sanin ya kamata. Saboda haka duk ranar da aka yi shela cewa ciwon ƙasar nan rashin ɗa'a ne, mai sauraro ya riga ya gane wa ake nufi, kuma ya san ba masu riƙe da madafun iko ba ne. Waɗanda suka ga wancan zamani da idonsu suna tuna bin layi a tasha, da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, da tsallen kwaɗo ga ma'aikacin da ya makara, da bulalar soja. An sami tsari na ɗan lokaci, ban musa ba, amma kalmar ta fito daga wancan zamani tana ɗauke da warin tsoro, abin da aka yi don tsoro kuwa yakan tsaya da zarar mai bulala ya juya baya. Idan abin da kuke nufi shi ne kowa ya bi ƙa'ida ko da babu mai ganinsa, to, muna da kamun kai, muna da kiyaye doka, muna da sanin ya kamata, waɗanda suke hawa kan minista kamar yadda suke hawa kan ɗan acaɓa.

A 1974 Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya yi aikin mulki da koyarwa a Arewa, ya wallafa laccarsa a kan abin da Hausawa suke nufi da mutumin kirki, inda ya lissafa halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ana iya yi masa ƙari, domin kara da kawaici da zumunci da dattako duk suna da gurbinsu, amma abin lura shi ne biyayya ba ta cikin jerin, ɗa'a ma ba ta ciki. Baƙon da ya zauna ya saurari mutane ya gane cewa ba da yawan rusunawa suke auna nagarta ba. Abin kunya ne a ce mu 'yan gida mun kasa gane haka a cikin sanarwar da muke yi wa junanmu.

Kalmar da ta fi cancanta ta zama uwar aikinku ita ce amana, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ku je kowace tashar mota da sassafe ku gani. Dattijuwa za ta zo da ƙunshin kuɗi a ɗaure a bakin zane, ta kwance, ta miƙa wa direban da ba ta san gidansu ba, ta faɗa masa sunan ɗanta da garin da yake karatu, ta ce, "Ga amana nan." Ba rasit, ba shaida sai yaran mota. Direban zai sa kuɗin a aljihu daban da na cinikinsa, kuma ko mai ya ƙare masa a hanya ba zai taɓa su ba, domin ya san abin da ya karɓa. A kan wannan kalma aka gina fataucin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kudu, inda fatake suke barin dukiya a hannun maigidan da ya sauke su a Sabo ta Ibadan a sayar bashi, su koma gida su jira. A kanta uwar adashi take tara kuɗin matan unguwa. Amana tana da sharuɗɗa bayyanannu waɗanda kowa ya sani ba tare da an koya masa a aji ba: akwai mai abu, akwai wanda aka ba ajiya, abin ba na mai ajiya ba ne ko da ya shekara a hannunsa, kuma akwai ranar da za a ce kawo.

To, me ya sa wannan direban, ko ɗan'uwansa da ya sami aikin ofis, ba ya jin irin wannan nauyi game da abin da ake kira kuɗin gwamnati? Ina ganin wani ɓangare na amsar yana cikin sunan. "Kayan gwamnati" a kunnen mutane da yawa yana nufin abin da ba shi da mai shi, tunda gwamnati ba ta da fuska, ba ta kuka, ba a haɗuwa da ita a masallaci ko a wurin jana'iza. Amana kuwa ba ta tabbata sai da mai ita. Duk sanarwar da ta ce a kula da kayan gwamnati ta riga ta yi asarar rabin ƙarfinta. Ku ce dukiyar jama'a, ku ce haƙƙin marayu da majinyata da 'yan makaranta, ku ambaci masu abin da sunansu, sannan ku kira kujerar mulki da sunanta na gaskiya, wato ajiya. A nan ne ma ya kamata hukumarku ta ƙwato kalmar daga hannun 'yan siyasa, domin a yau idan aka ce wane ya ci amana, abin da ake nufi galibi shi ne ya juya wa ubangidansa na siyasa baya. Wanda ya yi sama da faɗi da kuɗin asibiti amma bai bar gidan ubangida ba, shi ake kira ɗan amana. An mai da kalmar da take kare dukiyar kowa ta zama igiyar ɗaure yaran gida.

Malamai sun sha jan hankali a kan jerin ayoyi biyu na Suratun Nisa'i. Aya ta 58 ta yi umarni da a mayar da amanoni ga masu su, kuma a yi hukunci tsakanin mutane da adalci. Sai aya ta 59 ta zo da umarnin ɗa'a ga Allah da Manzo da majiɓinta al'amari. Amana da adalci ne suka gabata, ɗa'a ta biyo baya. Mutanen da kuke yi wa magana sun san wannan jeri tun suna makarantar allo da ta Islamiyya, sun kuma san maganar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kawo cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Idan sanarwa ta ɗauko "bin na gaba bin Allah" ta bar rabin amana da adalci, sun san an rage musu mudu.

Sai haƙuri, wanda a kansa ne na fi jin ciwo. Babu kalmar da Bahaushe ya ɗaukaka kamar ta: shi ne maganin zaman duniya, mai shi yakan dafa dutse, mahaƙurci kuma mawadaci ne. Amma kalmar tana da fuska fiye da ɗaya, kuma haɗa su wuri guda zalunci ne. Akwai haƙurin da ake ba wanda aka yi wa rasuwa ko gobara ta cinye masa rumfa, inda ake cewa "sai haƙuri" domin abin daga Allah yake, babu wanda za a tuhuma. Akwai haƙurin manomi da na ɗalibi, wato jure wahalar aiki har a ga amfaninsa. Akwai kuma ba da haƙuri, wanda shi ne yadda Bahaushe yake amsa laifi: wanda ya taka ka shi ne yake cewa "yi haƙuri", kuma da faɗin haka ya yarda cewa shi ya yi kuskure, ya kuma ɗauki nauyin gyarawa ko aƙalla ya daina.

Na taɓa zama a benci ɗaya da wani tsohon malamin firamare a wani ofishi, yana rungume da fayil ɗin da gefensa ya yi laushi saboda yawan ɗauka, yana bin haƙƙinsa na ajiye aiki. Da layi ya zo kansa, ma'aikacin bai ko buɗe fayil ɗin ba ya ce, "Baba, sai haƙuri, a dawo wani makon." Tsohon ya gyara hularsa ya ce, "To, Allah ya kai mu," ya fita yana lissafin kuɗin mota. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin haƙurin da aka ba shi. Na ta'aziyya aka ba shi, alhali abin da ya same shi sakacin mutane ne masu suna da kujera da albashi. Ta haka ake mai da laifin ɗan'adam ya koma ƙaddara, a rufe bakin mai haƙƙi da kalmar da ba zai iya musawa ba, domin wa zai tashi a gaban jama'a ya ce shi ba zai yi haƙuri ba? Duk lokacin da hukuma ta roƙi jama'a su ƙara haƙuri a kan tsadar abinci ko rashin tsaro, ya wajaba ta fayyace wanne take nufi. Idan ba da haƙuri take yi, to, ta amsa laifi ke nan, sai ta faɗi abin da za ta gyara da lokacin da za ta gyara shi. Idan kuwa na ta'aziyya take nufi, to, ta jingina wa Allah abin da hannunta ya aikata. A Suratul Asri ma wasiyya da gaskiya ce ta zo kafin wasiyya da haƙuri, kuma harshen da ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse shi ne ya ce tura takan kai bango.

Kunya da kara su ma suna bukatar a riƙe su da kulawa. Kunya ce take hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, take hana suruki cin abinci a gaban surukinsa, take hana mutum miƙa hannu ga abin da ba nasa ba ko da yunwa na cinsa. Kara kuwa ita ce ka bar wa wani abin da kake da iko a kansa saboda girmamawa, kawaici kuma ka ga abu ka yi kamar ba ka gani ba don a zauna lafiya. Waɗannan su ne suke sa gida mai mutum talatin ya zauna ba tare da rigima kullum ba, kuma ina cikin masu baƙin cikin ganin suna raguwa. Sai dai an sha fakewa da su a danne gaskiya. Yarinyar da aka ci wa zarafi ana ce mata ta yi shiru don kunya, alhali kunyar tana kan wanda ya aikata. Mace tana ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinta saboda an koya mata cewa faɗin sa rashin kunya ne. Rufin asiri, wanda asalinsa shi ne mutum ya sami abin da zai ci da iyalinsa ba tare da ya roƙa ba, ko ka taimaki mabukaci ba tare da ka tallata shi ba, yanzu har ɓarawon dukiyar jama'a ake nema wa shi. Sanarwar da za ta yi kira ga kunya ya kamata ta faɗi wanda ya kamata ya ji ta, in ba haka ba nauyin zai sauka a kan mai rauni kamar kullum.

Wani abin da ya kamata ku sa wa ido shi ne yadda mugun hali yake aron sunan kyakkyawa. Ba kasafai mai neman cin hanci yake kiran sa da sunansa ba; na goro yake nema, ko alheri, ko ihsani, ko hasafi. Tsallake layi da danne wanda ya cancanta ya zama alfarma. Ba ɗan'uwa aikin da bai iya ba ya zama zumunci. Mutunci, wanda muke cewa madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, ya koma ma'aunin kuɗi, har ana cewa ɗan takara ya yi mana mutunci idan ya raba taliya da atamfa, kuma ana kiran mai ba da kyautar dukiyar da ba a san asalinta ba mutumin kirki. Maimaita "yaƙi da cin hanci da rashawa" ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin mai karɓar na goro bai ɗauki kansa mai cin hanci ba. Aikin da ke gabanku shi ne ku shiga cikin waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, a wasan kwaikwayo na rediyo da tattaunawa da malamai, ku raba kyauta da toshiyar baki, ku raba karamci da sayen bakin jama'a, yadda mai sauraro zai ji bambancin a ransa.

Game da zaman mabiya addinai daban-daban, ina roƙon ku rage dogaro da "haƙuri da juna" da "juriya". Ana jure ciwo ne, ana haƙuri da abin da ya dame ka. Idan ka ce wa mutum ya jure maƙwabcinsa, ka riga ka gaya masa cewa maƙwabcin nan masifa ce. Haƙƙin maƙwabtaka da mutunta juna da zaman amana sun fi kusa da abin da ake nema, kuma kalmomi ne na kowa. Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, kuma Kiristan da yake addu'a da Hausa a Wusasa ko Jos yana amfani da gaskiya da adalci da alkawari da jinƙai kamar yadda Musulmin Sakkwato yake yi. Wannan gado ne na tarayya wanda ba ku ci moriyarsa yadda ya kamata ba. Batun girmama sana'a da dogaro da kai kuwa, waɗanda su ma suna cikin ɗabi'u 7 na tsarin mulki, ba ya bukatar dogon bayani, domin mutanen da suke yabon mai zuciyar nema, suke zargin mai mutuwar zuciya, suke cewa babu maraya sai rago, ba su jira tsarin mulki ya koya musu ba. Abin da ya rage shi ne a yi musu magana da waɗannan kalmomi nasu.

Abin da nake nema a gare ku bai fi ƙarfin hukumar ba. Ku daina rubuta saƙo da Ingilishi sannan a fassara. Ku zaunar da marubutan Hausa, maza da mata, ku faɗa musu manufar, su rubuta ta da Hausa tun daga tushe. Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da masanan da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan harshe, kuma ba su da wuyar samu. Kafin a saki kowace sanarwa, a karanta wa mutanen kasuwa da na tasha da matan aure a cikin gida, a tambaye su wa suka ji ana yi wa faɗa, domin amsar wannan tambaya ita za ta nuna ko kalmar ta sauka inda aka nufa. A kuma tuna da masu karatun ajami, waɗanda takardar boko ba ta isa gare su.

Na ga kundin ɗabi'un ƙasa da hukumarku ta fito da shi a 'yan shekarun nan ya kasu gida biyu, alkawura 7 na ƙasa ga ɗan ƙasa, da nauye-nauye 7 na ɗan ƙasa ga ƙasarsa. Wannan tsari ya yi daidai da yadda Bahaushe ya fahimci amana, kuma na yaba da shi. Roƙona shi ne idan za a karanta shi da Hausa a rediyo, a karanta ɓangarorin biyu tare, a ba su lokaci daidai, a fara da na gwamnati, kuma a kira su alkawari ba tare da an sassauta kalmar zuwa buri ko fata ba. Inda kundin ya nemi ɗan ƙasa ya zama mai tsayuwa a gaban wahala, a ce jajircewa, kada a ce haƙuri. Sannan a buɗe layin waya a cikin shirin, a bar masu sauraro su faɗi wanne daga cikin alkawuran nan 7 ya iso garinsu, wanne kuma har yanzu suke jira, jami'in hukuma yana zaune yana ba da amsa.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin Hausa